Kwana Uku da Ma'aunin Miga Ya Yi Shiru

Shekara biyu Munzali ya yi shi kaɗai ne mai rubuta manhaja a kamfanin Malam Abdulwahid, wani ɗan ofis mai ɗaki biyu a saman shagon takin zamani, a hanyar Nguru cikin garin Hadejia. Shi ya gina Idon Kogi tun daga tushe. Manhajar waya ce da ke gaya wa manoma da masunta na fadama halin da kogi yake ciki. An kafa ma'aunin ruwa a wurare huɗu a gaɓa, amma na wajen Miga shi ne babba, domin ruwan da ya wuce Miga yau, shi ne zai sauka a gonakin Guri nan da kwana biyu ko uku. Ma'auni ya aika da tsayin ruwa zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke amsa tambayoyin wayoyi, sabar ta yi lissafi, duk wayar da ta tambaya a ba ta ɗaya daga cikin amsa uku: ruwa lafiya, ruwa na tasowa, ko a kwashe kaya.

Wannan lissafi shi ne abin alfaharin Munzali. Damina biyu ya yi yana bin masunta a kwale-kwale, yana tambayar tsofaffi inda ruwa ke fara karya jinga, yana rubutawa a takarda kafin ya zuba a kwamfuta. Ba wanda ya gane yadda lissafin yake aiki in ba shi ba, kuma hakan bai taɓa damunsa ba.

Aibi ɗaya manhajar take da shi. Duk sanda wani abu ya samu matsala, sai fuskar waya ta cika da dogon rubutun Turanci, a samansa da lamba 500. Mutane ba sa karanta rubutun, lambar kawai suke gani. Har abin ya zama zance a kasuwar kifi: in babur ɗin mutum ya mutu a hanya, sai a ce ya yi ɗari biyar. Munzali yakan yi dariya in ya ji, ya ce ai yawanci su ne ba sa iya cike abin da aka tambaye su.

Sai Malam Abdulwahid ya ɗauki Zulfa aiki. 'Yar Guri ce, daga gidan masu bandar kifi waɗanda kakanninsu suka taso daga bakin tafkin Chadi. A Kano ta yi karatu. Sati guda ta yi ba ta rubuta komai ba, sai karanta ƙorafin mutane da sauraron saƙonnin murya da suka taru a wayar ofis ba wanda ya buɗe. Ranar Litinin ta jawo kujera kusa da teburin Munzali.

"Yaya Munzali, ina da tambaya. In mutum ya rubuta lambar wayarsa ba daidai ba, me muke mayar masa?"

"Ɗari biyar."

"In ya nemi ƙauyen da ba mu da shi fa?"

"Ita ce dai."

"In kuma rumbun bayananmu ne ya faɗi?"

Ya juyo ya dube ta. "Malama Zulfa, faɗi abin da ke bakinki."

"Mutumin da ke tsaye a gona bai san ko shi ya yi kuskure ko mu ba. Bai san ko ya gyara ko ya jira ba. Ita ma manhajar da ke cikin wayarsa ba ta sani ba, shi ya sa take ta maimaita tambaya har cajin ya ƙare. Kuma wannan dogon rubutun da muke turawa, har sunayen fayilolinmu a ciki. Duk ɗan damfarar da ya iya karatu, mun nuna masa cikin ɗakinmu."

Malam Abdulwahid yana ɗakin ciki, ya jiyo, ya leƙo ya ce ta gwada abin da take gani.

Abin da ta yi ba wani mai wuya ba ne, kuma wannan shi ya fi cin ran Munzali daga baya. Ƙofa ɗaya ta gina a bakin sabar. Duk sashen da ya gamu da matsala, kada ya yi gaban kansa, ya miƙa ta sama zuwa wannan ƙofa. Ƙofar ce za ta duba irin matsalar ta sa mata lambar da ta dace: 400 in mai tambaya ne ya cike ba daidai ba, 404 in abin da ya nema babu shi, 503 in su ne suka gaza na ɗan lokaci. Cikakken bayanin abin da ya lalace ya tafi kundin ofis inda su kaɗai ke gani, kuma in mai tsanani ne wayar ofis ta yi ƙara. Shi kuwa manomi, jimla biyu zai gani da Hausa. "Lambar wayarka ta gaza da ɗaya, a sake dubawa." Ko kuwa, "Matsalar daga wajenmu take, ba daga gare ka ba. Ka yi haƙuri, ka sake gwadawa bayan minti goma."

Cikin wata guda ƙorafi ya ragu har wayar ofis takan wuni ba ta yi ƙara ba. Malam Abdulwahid ya shiga ambaton sunan Zulfa a gaban kowane baƙo. Wata Laraba wata dattijuwa mai suna 'Yar'azumi, shugabar mata masu sayar da kifi, ta hawo benen nan tana haki, riƙe da ƙullin bandar tarwaɗa a jarida.

"Ina yarinyar da ta koya wa waya ladabi?" in ji ta.

Aka yi dariya, aka nuna mata Zulfa. Ta dafa kanta tana sa mata albarka. Munzali yana zaune taku uku daga wurin, bai samu ko kallo ba. Da aka buɗe kifin Zulfa ta kawo masa rabonsa a takarda, ya ce cikinsa ba daɗi.

Bai taɓa sanin yana da irin wannan zuciyar ba. Damina biyu cikin sauro da laka, ba wanda ya taɓa hawo bene saboda shi. Ita kuwa ta zo ta yi wa gini fenti, ana ta shafa bango ana yabo. Ya san wannan kwatancen ba adalci a cikinsa, ya kuma ci gaba da maimaita shi a ransa duk da haka. Ya fara lura da abubuwan da ba su kai a lura da su ba: yadda Malam Abdulwahid ke fara gaishe ta kafin shi, yadda aka matsar da fanka ɓangarenta. Har a gida abin ya bi shi. Matarsa Shamsiyya ta nuna masa wayarta wata rana da rana tsaka tana murmushi.

"Abban Adila, ka ga yanzu manhajarku har haƙuri take bayarwa. Wa ya yi wannan dabara?"

"Haƙuri ne zai tare ambaliya?" ya ce, da wata murya da ta sa ta ajiye wayar.

A ƙarshen watan Yuli Zulfa ta gama bin kowane sashe, saura nasa.

"Yaya Munzali, na duba wajen da kake karanto ma'auni. Na ga in ma'aunin bai amsa ba, ba ka miƙa matsalar sama. Kana ɗauko tsayin ruwan da ya faɗa na ƙarshe ka mayar wa waya kamar sabo ne, da lambar da ke nuna komai lafiya."

"Da gangan na yi haka. Ma'aunan nan sukan ɗauke na minti goma sau biyar a wuni. In duk sanda sabis ya ɗauke za ki tsorata manomi, nan da sati ba mai kula mu."

"Gaskiyarka. To in shirun ya wuce awa shida fa? Nan ne nake so ka sake shi ya iso ƙofa, a gaya wa mutane ba mu ji daga ma'auni ba, su duba kogi da idonsu."

Ya san ta yi daidai tun kafin ta rufe baki. Ya ce, "Sashen lissafi nawa ne. Zan duba."

Kuma ya duba ɗin. Washegari da safe, kafin kowa ya iso, ya rubuta gyaran. Layi shida ne, bai kai minti ashirin ba. Ya gwada a kwamfutarsa, ya yi kamar ma'aunin Miga ya mutu, sai ga saƙo ya fito a fuskar wayar gwaji, da irin lafazin nan nata mai laushi: "Ba mu ji daga ma'aunin Miga ba tun awa shida. Kada a dogara da wannan waya yau." Ya zauna yana kallon saƙon. Ya hango 'Yar'azumi tana karanta shi a kasuwa, ya jiyo Malam Abdulwahid yana gaya wa baƙi cewa har lissafin Munzali sai da Zulfa ta gyara. Wuri ɗaya ya rage a cikin manhajar nan da hannunta bai taɓa ba. Ya ajiye gyaran a kwamfutarsa bai ɗora shi a sabar ba. Ya ce wa kansa sai bayan damina, lokacin da taɓa sabar ba shi da haɗari.

A taron ranar Juma'a Malam Abdulwahid ya tambaya, "Sashen ma'auni fa, an gama?"

"An gama, yallaɓai," in ji Munzali. Ya gaya wa zuciyarsa ai ba ƙarya ya yi ba, rubutawa dai an rubuta.

Cikin sati na biyu na Satumba, ranar Litinin, wani tarin ciyawar kachala da ruwa ya tumɓuke ya zo ya daki sandar ma'aunin Miga ya karkatar da ita, wayar batirin ta tsinke. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne mita uku da kwata. Daga nan duk wayar da ta tambaya, sabar ta ce mita uku da kwata, ruwa lafiya. Tun da matsalar ba ta isa ƙofar Zulfa ba, ba ta shiga kundi ba, wayar ofis ba ta yi ƙara ba. Shi kansa Munzali ya dubi allon ofis ranar Talata da ranar Laraba ya ga kore, ya ci gaba da shan shayinsa. Abin da ya ɓoye wa manoma, shi ma ya ɓoye masa.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya mahaifiyar Zulfa ta kira ta daga Guri. Zulfa ta saurara, ta miƙe tsaye da wayar a kunne ta matsa gaban allo.

"Iya ta ce ruwa ya canja launi, masunta suna janye komarsu, amma waya tana cewa lafiya." Ta sa yatsa a kan lambar. "Yaya Munzali, tun Litinin mita uku da kwata. Ko ɗigo bai motsa ba. Wane kogi ne ke tsayawa cak a watan Satumba?"

Munzali ya kira mai gadin ma'aunin, wanda ya tafi Kafin Hausa cin kasuwa, aka samu wani ya hau babur ya je ya duba. Ruwa ya haura mita huɗu da rabi. Kafin azahar suka tura saƙon a kwashe kaya zuwa kowace waya. Da hantsin Juma'a ruwa ya shiga gonakin Guri.

Ba a rasa rai ba. Yawancin manya sun yarda da idonsu fiye da waya, sun kwashe tun Laraba. Waɗanda suka yi asara su ne waɗanda suka yarda da Idon Kogi.

Da yammacin Juma'ar Malam Abdulwahid ya tara su. Bai ɗaga murya ba. Zulfa ya kalla.

"Ba ke kika ce mini duk matsalar da ta faru sai ta bi ta ƙofarki ba? Kwana uku ma'auni a mace, ƙofarki tana barci?"

Zulfa ta buɗe baki, ta dubi Munzali sau ɗaya, ta mayar da ido ƙasa. "Zan bincika, yallaɓai."

Munzali ya bar laifin a kanta. Abin da ya ji a lokacin, har yau ba ya son tunawa: wani ɗan sanyi ne ya ratsa ƙirjinsa, daɗin ganin an yi mata magana da irin muryar da ba a taɓa yi mata ba. Daɗin bai kai ya sauka daga bene ba ya koma ɗaci. Ta sani. Minti biyu ya ishe ta ta buɗe sashensa ta nuna wa Malam Abdulwahid, amma ta yi shiru, ta bar masa hanya ya faɗa da bakinsa. Sai ya ji wannan ma ya ƙara masa haushinta. Ta fi shi a aiki, yanzu kuma ga shi za ta fi shi a hali.

Ranar Asabar da safe mahaifiyarsa ta aiko masa cewa ƙaninta, Kawu Badamasi, yana cikin waɗanda ruwa ya ci wa shinkafa a Guri, ya kamata ya je jaje. Ya hau mota. Tun kafin a shiga gari ya fara ganin mutane sun shanya jiƙaƙƙiyar shinkafa a gefen kwalta, wari na tashi kamar na tsamiyar da ta kwana. A nan ya samu Kawu, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana baza shinkafa a kan tamfol da manjagara. Shinkafar wuri ce, ya yanke ta tun Lahadi ya tara a gona ta sha iska. Injin ban-ruwansa da kwale-kwale aka fito da shi. Rabin abin da ya yanka ya tafi.

Bayan gaisuwa da jaje Kawu ya ce, "Maƙwabtana sun ce mini in kwashe tun Laraba. Na ce musu ɗan 'yar'uwata ne ya yi wannan abu da hannunsa, in ya ce lafiya, to lafiya." Ya goge gumi. "Kada ka sa damuwa, ɗana. Mun ji yadda aka yi. An ce yarinyar nan 'yar gidan Gana ce aka kawo ta lalata maka aiki. Jiya uwarta ko rumfarta ba ta iya buɗewa ba saboda maganar mutane. Ni dai na ce tun da kai kake yi shekara biyu ba a taɓa samun haka ba."

Munzali ya tsaya yana kallon shinkafar. Ga abin da ya daɗe yana so ya ji, a bakin wanda ya yi asara saboda shi. Da ya yi shiru ya gyaɗa kai, da shi ke nan.

"Kawu, ba ita ba ce."

"Na'am?"

"Ba ita ba ce. Ita ta ce in gyara tun watan Yuli. Na rubuta gyaran, na ƙi sa shi."

"Ka manta?"

"Ban manta ba. Ban so a ce ita ta gyara mini ba."

Kawu Badamasi ya daɗe yana dubansa, irin duban da ake yi wa mutumin da ake ƙoƙarin tuna inda aka san shi. Wata babbar mota ta wuce ta watsa ƙura a kan tamfol. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa masa manjagarar.

"Juya mini wannan kafin rana ta yi. In ka gama, ka san gidan Gana. Ba ni zan je maka ba."

Ya juya shinkafa har azahar, tafin hannunsa ya yi ƙurji. Sannan ya je gidan su Zulfa ya tsaya a zaure, ya faɗi abin da ya faɗa wa Kawu a gaban mahaifiyarta da maza biyu na gidan. Iya ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta ce kawai ya maimaita a bakin kasuwa, inda aka yi maganar. Ya je ya maimaita. Wasu suka zage shi, wani ya ce ai da ma wayar ce bai yarda da ita ba.

Ranar Litinin ya gaya wa Malam Abdulwahid, ya buɗe kwamfutarsa ya nuna masa layi shidan nan da ranar da aka rubuta su. Malam Abdulwahid ya karanta ranar sau biyu. Bai kore shi ba, domin ba wanda zai riƙe lissafin in ya tafi, kuma ya faɗa masa haka ƙarara. Amma daga ranar, ba abin da Munzali zai ɗora a sabar sai Zulfa ta duba ta amince. Kamfani ya ɗauki nauyin bai wa waɗanda suka yi asara irin shuka na rani, Munzali kuma aka ce shi zai bi su gida-gida ya kai. Ƙauyuka biyu suka ce ba sa so, sun goge manhajar.

Zulfa ba ta yi masa maganar ba ko sau ɗaya. Ta duba gyaransa ta amince, bayan ya kawo shawarar a riƙa nuna tsayin ruwa na ƙarshe tare da awannin da ya yi, don mutum ya san tsufan labarin da ke hannunsa. Ta ce wannan ya fi nata. Gaisuwarsu dai ta koma gajera.

Bayan sati biyu, da ruwa ya ja baya, aka tura su Miga su biyu da direba don su ga an miƙe sandar an sa sabon batir. Sun wuce rabin hanya, sai ta juyo daga kujerar gaba.

"Yaya Munzali, na karanta lissafinka sau uku ban gane shi ba. In wani abu ya same ka, ba mai iya taɓa shi. Ka koya mini."

Ya ciro takarda daga aljihu ya ɗora a gwiwa ya fara zana mata kogin, inda yake rabuwa, inda kachala ke toshe shi ya juya ruwa gabas, da dalilin da ya sa ruwan Agusta ya fi na Satumba saurin isa Guri. Ya yi magana mai tsawo, muryarsa ta saki ba tare da ya sani ba. Tana ji tana rubutawa. Da suka kusa shiga Miga ta ɗago kai.

"To in an yi ruwan sama mai ƙarfi tsakanin Miga da Guri, wanda bai bi ta gaban ma'auni ba, ina yake shiga a lissafin?"

Bai shiga ko'ina ba. Shekara biyu bai taɓa tunanin wannan ba, ita kuwa cikin minti arba'in ta gano. Ya ji haushin nan ya sake taso masa, da zafinsa kamar ranar farko. Ya dubi gonakin da ruwa ya bari a kwance ta tagar mota har ya ɗan lafa. Sannan ya juya takardar ta baya, inda ba rubutu.

"Sake faɗa a hankali," ya ce. "Bari in rubuta."